Lambobin da ke jikin kayan mota: me suke nufi ne wai?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman wanda zai fahimtar da ni wani abu, raina a ɓace yake tun shekaranjiya. Corolla ce 2006 mai injin 1ZZ, ta fara min karkarwa in na tsaya a danja, aka sa mata kwamfuta aka ce iyafulo ne, wato sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, na ciro tsohon na kai wani shago mai shagon ya duba ya ce ai 22204 ne akwai shi, ya ɗauko wani iri ɗaya sak, soket ɗaya, ramin kusa ɗaya, na biya aka ɗaura. Kwana biyu wutar cek injin ta dawo, mai kuma kamar ana tsiyayar da shi a ƙasa. Yau na sake cirowa na jera su a kan bonet sai na ga nawa na asali an rubuta 22204-22010, a ƙasansa akwai wata lambar 197400-2030, wanda na saya kuwa biyar ɗin farko ne kawai suka zo ɗaya, na ƙarshen daban ne kuma har kamar an kankare wani wuri. To me waɗannan lambobin suke nufi? Kuma me ya sa abu ɗaya yake da lamba biyu?

Rewaya Kaduna:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Mai shagon nan rabin karatu ya yi maka. Lambar Toyota guda goma ce, biyar gaba biyar baya. Biyar ɗin farko sunan kayan ne kawai, ba su faɗa maka na wace mota ba ne. 22204 iyafulo ne, ko na Corolla ko na Camry ko na Highlander duk da 22204 suke farawa. Haka 17801 filtar iska, 04465 fad na birkin gaba, 04466 na baya, 27060 altaneta, 28100 kik, 16100 fam ɗin ruwa, 89661 ƙwaƙwalwar mota. Biyar ɗin bayan su ne magana, su ke cewa na wane inji ne, na wace shekara, na wace kasuwa. Wanda ya ce maka 22204 ne akwai shi kamar ka je neman mutum ne a Tudun Wada ka ce sunansa Malam, aka nuna maka Malam na farko da aka gani.

Ita kuma ta biyun 197400-2030 lambar Denso ce, su ne suka ƙera wa Toyota abin, shi ya sa kake ganin biyu. Ta Denso shida ce gaba huɗu baya. In ka samu wanda ɗaya daga cikin biyun ta yi daidai cif to shi ne.

Baba Bakanike:
Yaro ni tun ana yayin Peugeot 504 nake wannan sana'a, lokacin ba mu san wata lamba ba, tsohon kaya ake riƙewa a hannu a shiga kasuwa a gwada a ɗauko, kuma motocin sun je Legas sun dawo. Yanzu kowa ya riƙe waya yana karanto lamba, ga jabu ya cika gari da lamba mai kyau a jiki. Ni ido da hannu na yarda da su.

Rewaya Kaduna:
Baba Allah ya ƙara girma, a kan ƙarfe ba na ja da kai ko kaɗan, boljoyin ko tayarod in ka riƙe ka auna ka gama. Amma 504 kafireto gare ta, ba ta da ƙwaƙwalwa. Shi iyafulo wata siririyar waya ce a ciki da ake ɗumamawa, iska na wucewa tana sanyaya ta, da haka yake gaya wa ƙwaƙwalwa yawan iskar da ta shiga, ita kuma ta ba nozul umarnin yawan man da za su fesa. Kowanne an saita shi ne da faɗin bututun da zai zauna a ciki da injin da zai yi wa aiki. Jikin roba ɗaya ne, lissafin ciki daban, ido ba ya ganin wannan Baba, ko ni da nake rewaya ba na gani sai na sa na'ura.

Mai Corolla:
Lambar da kwamfuta ta fitar yanzu P0171 ce, da can ba ita ba ce.

Rewaya Kaduna:
To ka gani. P0171 tana nufin ƙwaƙwalwa na ganin iska ta fi mai yawa, sai ta dinga ƙara mai tana cikewa. Amma kar in cuce ka, hos ɗin iska da ya tsage ko fam ɗin mai da ya yi rauni su ma suna kawo wannan lambar, a duba su kafin a ɗora wa iyafulo laifin duka.

Mai Shagon Sifaya:
Salam. Ni a wannan harkar nake ci nake sha, kuma ina so in yi wa 'yan uwana adalci, ba duk bambancin lamba ne cuta ba. Kamfani da kansa yana canza lamba, abu ya fito da wata lamba bayan shekara uku a ɗan gyara shi a ba shi sabuwa a ce ta maye gurbin tsohuwa, kuma yana hawa lafiya lau. Sau nawa kwastoma zai zo ya kafe shi sai lambar da ke jikin tsohonsa alhali an daina buga ta. Misali filtar bakin mai, mutum ya ga 90915-YZZE1 ya ce shi bai yarda ba me ya kawo haruffa cikin lambar Toyota, alhali YZZ ɗin nan nasu ne, layin kayan sabis ne. To amma abin da ɗan uwanmu ya yi na sayar da abu da biyar ɗin farko kawai kuskure ne, bare kuma an kankare lamba, ni kaya in an kankare lambarsa ko kyauta ba ya shiga shagona.

Injiniya Ƙarami:
Oga mai shago to ta yaya mutum zai san canjin kamfani ne ko kuwa na wata mota ne daban aka liƙa masa?

Mai Shagon Sifaya:
Lambar shasi. Ita ce uwa. Guda 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da jikin ƙofar direba da takardun mota. In aka sa ta a katalog na kamfani zai fito da lambar kayan da aka ɗaura wa wannan motar daga masana'anta, in an canza lambar ma zai nuna sabuwar. Kuma ko ba katalog akwai abin da za ka gane da ido a biyun farko na ɓangaren baya, galibi 33 Camry ce ta Japan, 06 Camry ta Amurka, 12 Corolla ta Japan, 02 Corolla da aka haɗa a wajen Japan, 42 RAV4, 60 Land Cruiser, 0K Hilux. Na ce galibi fa, domin akwai kayan da motoci da yawa ke tarayya a kai, za ka ga fad mai 33 ya hau motar da ba Camry ba. Amma in mai Corolla aka miƙo masa fad mai 04465-60 ai ya san a tsaya tukuna.

Injiniya Ƙarami:
Bari in ƙara a kan shasi tunda shi na ɗan karanta. Harafin farko ƙasar da aka haɗa motar ne, J Japan, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, VF3 kuma Peugeot ce ta Faransa. Camry mai farawa da 4T1 daga Kentucky ta fito, Corolla mai 2T1 Kanada, mai 1NX California. A motocin kasuwar Amurka harafi ko lamba ta goma a jerin ita ce shekara, 3 na nufin 2003, 6 na nufin 2006, A kuma 2010. Kuma babu harafin I da O da Q a lambar shasi gaba ɗaya, in ka ga zagaye to sifili ne. Wannan na goman yana da amfani sosai saboda motoci nawa aka canza musu fitila da bamba aka ce 2010 ce alhali 2007 ce, mutum ya je sayen kaya da shekarar da dillali ya faɗa masa ya yi ta wahala.

Hajiya Mai Honda:
Sannunku da ƙoƙari. Duk Toyota kuke ta yi, mu masu Honda fa? Tawa Accord ce wadda ake ce wa EOD, fitilar gaba ta fashe, yaron da na aika sau biyu yana kawo ta ɗaya gefen. Ni dai na gaji.

Mai Shagon Sifaya:
Hajiya barka da yamma. Ta Honda kashi uku ce, biyar, uku, uku. Biyar na farko sunan kaya, uku na tsakiya motar ko injin, uku na ƙarshe kasuwa da gyaran da aka yi. EOD a kayan jiki za ki ga SDA a tsakiya, a kayan injin mai silinda huɗu za ki ga RAA. Wadda ta biyo baya ta 2008 TA0 ce, Civic ta 2006 kuma SNA. In ƙarshen ya fara da A kamar A01 ko A02 to na kasuwar Amurka ne. Fitila kuwa 33101 dama ce, 33151 hagu. Inda yaronki yake ruɗewa na san shi, yana tsayawa a gaban mota yana kallonta ya ce dama, alhali kamfani daga kujerar direba yake lissafi, kina zaune kina kallon titi, hannunki na dama shi ne dama. A motocinmu gefen direba hagu ne. Ki ce masa gefen direba ko gefen fasinja kawai, kar ki ce dama ko hagu.

Hajiya Mai Honda:
Allah ya yi albarka Alhaji, gefen fasinja ce, ke nan 33101. Na rubuta.

Rewaya Kaduna:
Toyota ma haka take, shokan gaba 48510 dama 48520 hagu.

Direban Sharon:
Ni Kano zuwa Jos nake yi da Sharon, kuma wallahi na daɗe ina mamaki, kaya da yawa in na ciro sai in ga tambarin Volkswagen ga kuma na Ford a jiki, lamba biyu, ɗaya 7M0 ɗaya kuma 95VW. Na ɗauka haɗe-haɗen 'yan Beljiyam ne.

Injiniya Ƙarami:
A'a maigida, asali ne. Sharon ta farko da Ford Galaxy da Seat Alhambra mota ɗaya ce, masana'anta ɗaya ta haɗa su a Fotugal, shi ya sa kaya ke ɗauke da lambar gida biyu. Ta Volkswagen uku uku uku ce sai harafi a ƙarshe wani lokaci. Ukun farko mota, 1H0 Golf 3, 1J0 Golf 4, 1K0 Golf 5, 7M0 da 7M3 Sharon. A ukun tsakiya lamba ta farko ita ce sashen mota, 1 inji, 3 giya, 4 ƙafar gaba da sitiyari, 5 ƙafar baya, 6 birki da taya, 8 jiki, 9 kayan wuta. Shi ya sa fad ɗin gaba 698 151 ne, na baya 698 451, filtar bakin mai 115 561.

Rewaya Kaduna:
Kuma harafin ƙarshen nan kar a raina shi don Allah, a nan mutane ke faɗawa rami. Iyafulo na Golf 906 461 ne amma wanda ya ƙare da wani harafi da wanda ya ƙare da wani ba lallai su yi aiki a inji ɗaya ba, na sha ganin an sayo an ɗaura mota ta ƙi jan hanya ana ta zagin giya. Sannan a wasu kayan na uku yana nuna hannun tuƙi, 1J1 na mai sitiyari a hagu irin namu, 1J2 na mai sitiyari a dama irin na Ingila. Fitilar motar Ingila in ka ɗaura a nan haskenta gefen masu tahowa yake karkata, kana kashe wa mutane ido da dare ba ka sani ba, mu da muke tafiya a hannun dama tun 1972.

Ɗan Maraɗi:
Salama alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Lome da yawa na Turai ne, ba na Amurka ba kamar naku, kuma wannan na kawo mana matsala in mun aiko sayen kaya Kano, sunan mota ɗaya shekara ɗaya amma inji daban, wata ma gazuwal take sha. Abin da ya cece ni shi ne lambar Bosch, tunda kayan wutar motocin Turai da yawa nasu ne. Goma ce tana farawa da sifili, 0 280 za ka gan ta a iyafulo da nozul na fetur, 0 258 sensar hayaƙi, 0 580 fam ɗin mai, 0 281 kayan gazuwal. Ina ɗaukar hoton lambar in tura, in ba ta zo ɗaya har ƙarshe ba in ce a bar shi.

Baba Bakanike:
To duk na ji. Amma ku amsa min wannan, mai buga jabu makaho ne? Shi ma yana ganin lambar, yana buga ta daidai har kwali har tambari. Filogi nawa na ciro da lamba mai kyau wata biyu ya ƙone. Koyil fa? An rubuta 90919 an rubuta Denso, ka ɗaga ka ji ba nauyi kamar biskit. Lambar ta hana?

Mai Shagon Sifaya:
Nan kam Baba ka yi gaskiya, ban da ta cewa. Lamba tana gaya maka abin da ya dace da motarka ne, ba ta rantse maka cewa na kamfani ne ba. Wannan sai hannu irin naku, nauyi, kyan roba, yadda rubutun ya zauna a jiki, na asali rubutunsa a tsaftace yake ba ya goguwa da yatsa, sai kuma kuɗin, in an ce maka sabon Denso a kwali a farashin da ko na Beljiyam bai kai ba ai ka san amsar. Ni shi ya sa a kayan sensa nake ba mutum shawara ya ɗauki na Beljiyam mai lamba daidai a kan sabo mai sheƙi da ban san asalinsa ba.

Rewaya Kaduna:
Na yarda Baba, amma ka ga ba su hana juna ba, ka fara da lamba ka ƙare da hannu. Tunda ka ambaci filogi ma, shi kansa rubutun jikinsa magana ce. BKR6E-11 na NGK, B kaurin zare mili 14, R akwai resista a ciki, 6 zafinsa, E tsawon zare mili 19, 11 kuma tazarar baki mili 1.1. A NGK in lamba ta hau filogin ya fi sanyi, a Bosch kuma akasin haka ne. Denso nasu lissafin daban, 16 ɗinsu kusan 5 ne na NGK, 20 kusan 6. Wani filogin da ya ƙone ba jabu ba ne, zafinsa ne bai dace da injin ba, an ga zare ya shiga an ɗaure kawai.

Wani wanda ke ba ni ciwon kai kullum shi ne sensar salansa a Toyota, 89467 da 89465. Kamarsu ɗaya, waya huɗu huɗu, amma 89467 mai auna haɗin iska da mai ne, yana zama kafin katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, 89465 kuma sensar oksijin ce ta gargajiya. In motarka da 89467 ta zo aka sa mata ɗayan a wurin, ko an yanke waya an haɗa soket ya shiga, ba za ta taɓa daidaita ba.

Direban Sharon:
Fambel fa da batir? Su ma ina ganin rubutu.

Baba Bakanike:
Wannan ni zan ba ka. 6PK sannan lamba, 6 layukan da ke cikin bel ɗin ne ka ƙirga da farce, lambar bayan tsawonsa ne a mili. Boris kuma 6203 raminsa mili 17, 6204 mili 20, daga 04 zuwa sama ka ninka biyar, 2RS murfin roba gefe biyu, ZZ murfin ƙarfe.

Injiniya Ƙarami:
Ashe Baba ana karanta lamba.

Baba Bakanike:
Wannan awo ne yaro, abin da zan iya sa ma'auni in tabbatar da kaina. Ita ce lambar da nake so.

Mai Shagon Sifaya:
Batir irin na Japan kamar 55D23L, 55 ƙarfinsa, D faɗi da tsayinsa zuwa sama, 23 tsawonsa a kwance a santimita, L ko R gefen da kan batir yake. In ka ɗauko R a maimakon L waya ba za ta kai ba, kuma kar ka yarda a ja ta da ƙarfi. Taya kuma ka nemi inda aka rubuta DOT, huɗun ƙarshe sati da shekara ne, 2319 sati na 23 a 2019. Kai da kake ɗaukar rayuka a hanyar Jos wannan ya fi komai muhimmanci a wurinka, taya na iya zama da zane mai kyau alhali robar ta tsufa.

Mai Corolla:
Jama'a na dawo. Na koma shagon da safe da tsohon nawa da hoton lambar, ban yi faɗa ba, na jera masa su biyu a kan tebur na nuna masa ƙarshen, ya karɓi nasa ya shiga ciki ya daɗe sannan ya fito da wani na Beljiyam mai 22204-22010 da 197400-2030 ɗin duka a jiki, na cika masa kuɗi kaɗan. Bakanikena ya duba hos ɗin iska kamar yadda Oga Rewaya ya ce, ashe akwai 'yar tsaga ta ƙasa inda ba a gani, mun canza shi ma. An goge lambar da kwamfuta, na je Zariya na dawo wuta ba ta kama ba.

Rewaya Kaduna:
Alhamdulillah. To ka ajiye tsohon naka kar ka yar, tunda an samu tsaga a hos ina zargin tun farko ma ƙila lafiyarsa ƙalau ko datti ne kawai. In za a wanke shi da maganin wanke iyafulo za a fesa a bar shi ya bushe, ban da fetur, ban da taɓa wayar ciki da tsinke.

Baba Bakanike:
Wannan tsagar da hannu aka gano ta ko da lamba?

Mai Corolla:
Da hannu Baba, sai da ya lanƙwasa hos ɗin sannan ta buɗe.

Hajiya Mai Honda:
Ni ma fitila ta zo daidai yau, 33101-SDA-A01. Alhaji mai shago saura madubin gefen direba, in turo lambar shasin ko hoton tsohon ya isa?

Mai Shagon Sifaya:
Turo duka biyun Hajiya, kuma a cire soket ɗin a ƙirga min fil nawa ne a ciki, madubin EOD akwai mai hita akwai marar hita.